KAMA DA WANE BA TA WANE: kalmomin Ingilishi masu ruɗa ɗan kasuwa da ma'aikaci

A watan Maris na shekarar 2025 hukumomin Yamai suka zartar da sabon kundin tafiyar da ƙasa, wanda ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. An sha muhawara a kan ɗaukakar da Hausa ta samu da koma-bayan Faransanci, har aka manta da na ukunsu, wato Ingilishi, wanda doka ta buɗe wa ƙofar ofis bayan ya yi shekara da shekaru yana zirga-zirga a kasuwa ba tare da kowa ya tambaye shi takarda ba.

Ga mutanen Yauri, a gundumar Kance, Ingilishi ba baƙo ba ne. Daga Matamai zuwa Kano, in an bi ta Ɗan Barto da Kwangwalam da Daura da Kazaure, tafiyar ba ta kai kilomita 200 ba, alhali Yamai tana can nesa da fiye da kilomita 800. Wake da gyaɗa da riɗi da bisashe suna gangarawa kudu, atamfa da magani da takin zamani da kayan gyaran babur suna hawowa arewa, kuma kowane kwali, kowace kwalba, kowane rasit yana ɗauke da Ingilishi a jikinsa. Iyakar da ta haddasa haka ba tsohuwa ba ce. Yarjejeniyoyin Ingila da Faransa na 1898 da 1904 da 1906 ne suka shata ta, sannan tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi ta tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Sakamakon haka ɗan wa ya shiga lakwal ya koyi Faransanci, ɗan ƙane ya shiga makarantar boko a Daura ya koyi Ingilishi, in sun haɗu wurin suna ko ɗaurin aure su koma Hausarsu ta gado.

Muddin ciniki tsakanin Bahaushe ne da Bahaushe, a Dawanau ko a Kantin Kwari ko a Mai'aduwa, harshen Bature ba shi da abin cewa. Ko da yake nan ma akwai ɗan tarko, domin jika a Matamai dala 200 ce, wato sefa 1000, amma a bakin tsofaffin 'yan kasuwar Kano jaka fam 100 ce, wato naira 200, tun da naira ta maye gurbin fam a 1973 a kan naira biyu kowane fam. Wannan kowa ya san shi, ana ma yin raha da shi. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da mai sayen riɗin ya kasance wakilin wani kamfani daga Legas, ko mai kayan gyara daga Anaca ko Aba, ko kuma takardar banki, ko saƙon da ya shigo wayar salula. A nan ne mutumin da ya yi shekara huɗu yana Ingilishi a kwaleji ke miƙa ƙirji ya ce a ba shi ya fassara. Ƙaramin sani kuwa ƙuƙumi ne.

Babban ramin da ya fi cinye dukiya yana cikin ƙidaya. Ingilishi na da lambobi bakwai, daga 13 zuwa 19, waɗanda kowace ke da 'yar uwa mai kama da ita daga 30 zuwa 90: «thirteen» da «thirty», «fourteen» da «forty», «fifteen» da «fifty», har zuwa «nineteen» da «ninety». Abin da ya raba su ɗan kaɗan ne. Ta farko tana ƙarewa da dogon wasali da harafin «n», kuma in an faɗe ta ita kaɗai nauyin murya yana sauka a gaɓar ƙarshe; ta biyu nauyinta a gaɓar farko yake, ƙarshenta gajere. To amma a wayar salula, cikin hayaniyar 'yan dako da ƙarar injin niƙa, wannan «n» ɗin shi ne abu na farko da iska ke ɗaukewa. A ce wakilin kamfani ya bugo yana son buhu 15, yaron Alhaji ya ji 50. Alhaji ya ci bashi ya tara riɗi, ya ɗauki hayar babbar mota, ya biya 'yan duwan na nan da kwastan na can, ya isa ya tarar buhu 35 ba su da mai saye. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, babu kuma alƙalin da zai ɗora wa wani laifi, amma asarar tana nan, kuma a wuyan mutum ɗaya.

Ingilawa su kansu ba su tsira daga wannan ba, shi ya sa in magana ta kai ga kuɗi sukan warware lambar ɗaya bayan ɗaya: «one five» ga 15, «five zero» ga 50. Ba abin kunya ba ne a wurinsu. Matuƙan jiragen sama sun wuce nan, domin ƙa'idar aikinsu ta sa su faɗi 9 «niner», saboda kada ta yi kama da «five» a rediyo. Duk da wannan taka-tsantsan, ranar 19 ga Fabrairu 1989 wani jirgin dakon kaya na kamfanin Flying Tiger, ƙirar Boeing 747, da ya taso daga Singafo zuwa Kuala Lumpur, ya sami umurni daga hasumiya cewa ya sauko zuwa ƙafa 2400, aka ce masa «two four zero zero». Matuƙan suka ɗauki «two», wato biyu, a matsayin «to», wato zuwa, domin lafazinsu ɗaya ne, suka nufi ƙafa 400. Jirgin ya daki tsauni, mutum huɗu da ke cikinsa duka suka rasu. Waɗannan mutane ne da aka haifa cikin Ingilishi. Saboda haka yaron shagon da ya ce wa baƙo ya maimaita, ko ya aiko da lambar a rubuce, bai nuna jahilci ba. Wanda ya gyaɗa kai don kada a ce bai ji ba, shi ne abin tsoro.

Rubutun ma sai an lura. Ɗan lakwal ya saba waƙafi shi ke raba cikakkiyar lamba da gutsurenta, don haka 1,500 a wurinsa ɗaya da rabi ne. A takardar Ingilishi kuwa 1,500 dubu ɗaya da ɗari biyar ne, ɗaya da rabi kuma da ɗigo ake rubuta shi, 1.5. Ma'aikatan baitulmali da na duwan su ne za su fi gane nauyin wannan. Haka nan «billion». A Ingilishi miliyan dubu ne, abin da gidajen rediyon Nijar ke kira miliyar. Gwamnatin Ingila ma sai a 1974, zamanin Harold Wilson, ta bi Amurka a kan wannan ma'ana. A Faransanci kuwa, bisa dokar ma'aunai ta 3 ga Mayu 1961, «billion» miliyan miliyan ne. Wanda ya kwafe kalmar daga wannan harshe ya liƙa ta a wancan ya ninka kuɗin aiki sau dubu da alƙalami ɗaya.

Mai karatu zai so ya san dalilin da ya sa harshen da ya mamaye duniya ya cika da irin waɗannan tagwaye. Tarihi ne. A 1066 Wiliyam na Normandi ya ci Ingila da yaƙi, Faransanci ya zama harshen fada da shari'a na tsawon ƙarnoni, kalmominsa suka kwarara cikin Ingilishi, har masana ke ƙiyasta sun kusa kashi ɗaya cikin uku na taskarsa. A 1476 William Caxton ya kafa injin ɗab'i na farko a Ingila, rubutu ya fara daskarewa a kan takarda, alhali baki bai tsaya ba: tsakanin ƙarni na 15 da na 17 wasulan Ingilishi suka yi ta gusawa daga mazauninsu, wasu baƙaƙe kuma aka daina furta su. Kalmomin da a da kunne ke rabawa suka haɗe. «Sale», ciniki, da «sail», tafiyar jirgin ruwa, suka zama murya ɗaya. Haka «meet», haɗuwa, da «meat», nama. Haka «write», rubutawa, da «right», dama ko haƙƙi. Yau Ingilishin Landan na da wasula kusan 20 a baki, yana rubuta su da haruffa biyar. Hausa na da 12: biyar gajeru, biyar dogaye, da «ai» da «au».

Bahaushe dai ba shi da bakin yi wa Bature dariya a nan. Shi ma yana rubuta gari na zama da gari na tuwo iri ɗaya, wuya ta jiki da wuya ta wahala, kuka na bishiya da kuka na hawaye, fari na launi da fari na rashin ruwa. Tsoffin keken rubutu na ofisoshi, da ba su da ƙugiya, sun sha mayar da ƙafa kafa, ɗaiɗai kuma daidai. Amma wannan nakasa ta rubutu tana ɓoye wata baiwa: kunnen da ya tashi yana rabe dogon wasali da gajere tun yana goye. Faransanci ba ya yin wannan rabewa, shi ya sa ɗan lakwal da ya koyi Ingilishi ta bakin Faransanci yake furta «ship», jirgin ruwa, da «sheep», tumaki, iri ɗaya, ya haɗa «live», zama, da «leave», tafiya ko hutun ma'aikaci, ya haɗa «fill», cikawa, da «feel», ji a jiki. Da malamin ya bi da shi ta Hausa, ya ce masa bambancin kusan irin na gari da gari ne, da an gama darasin cikin minti biyar. Abin takaici ne a ce yaro ya bar kayan aiki a gida ya tafi aro wurin maƙwabcin da ba shi da su.

Wanda bai shiga lakwal ba, nasa ciwon daban ne. Hausa ba ta raba «p» da «f». Harafi ɗaya ne, a bakin wasu ya fito kamar «p», a yammacin ƙasar Hausa ya koma «h» ko «hw». Don haka «copy» na takarda ya zama «coffee» na sha, «pile», tsibi, ya zama «file», fayil, «pull», ja, ya zama «full», cike. Sautin «th» kuwa ya gagari ɓangarorin biyu, har «three bags», buhu uku, kan fito kamar «free bags», buhunan kyauta, abin da babu ɗan kasuwar da ya taɓa nufi.

Waɗannan na baki ne, ana iya gyara su nan take da dariya. Na takarda su ne ba sa yafiya, domin sa hannu ya riga ya hau. Kalmomi biyu sun isa misali: «owe» da «own». «He owes» na nufin ana bin sa bashi; «he owns» na nufin shi ne mai abin. Harafi ɗaya ne tsakanin mai shago da wanda shago ke bi bashi, kuma takardun yarjejeniyar haya da na jingina da ake rubutawa a Kano cike suke da su biyun. «Accept» karɓa ne, «except» kuwa ban da; sanarwar da ta ce an yarda da shigar kaya «except» kaza ta haramta kazan ne, ba ta halatta shi ba. «Price» farashi ne, «prize» kyautar gasa, kuma 'yan damfarar waya sun fi kowa sanin amfanin na biyun. «Bale» dilar atamfa ce, «bail» belin wanda aka tsare. A kan «customs» da «customer» kam Hausa ta yi wa kowa maganin abin tun tuni, da ta ce kwastan ta ce kwastoma, kuma babu ɗan kasuwar da ya taɓa rikita wanda ke karɓa daga hannunsa da wanda ke kawo masa.

Akwai wata kalma da ya kamata a dakata a kanta, domin kuskurenta ba a aljihu yake tsayawa ba. «Petrol» a Ingilishin Nijeriya da na Ingila shi ne man mota, fetur, abin da Faransanci ke kira «essence». «Pétrole» na Faransanci kuwa, a bakin mai shago da uwar gida, kananzir ne na fitila da risho. Rubutu kusan ɗaya, lafazi kusan ɗaya, amma wanda ya karanta «petrol» a jikin jarka ya zuba wa fitila ya kira gobara da hannunsa. A yankin da aka yi shekaru ana sayar da mai a kwalabe bakin hanya, musamman kafin Nijeriya ta janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, wannan ba tatsuniya ba ce. Rikicin bai tsaya nan ba: «gas» a Amurka fetur ne, a bakin direbobin Kano man gas shi ne gazuwal, a Faransanci kuma «gaz» iskar girki ce. Takardun hukumar Nijeriya sun kauce wa duka ta hanyar taƙaitattun sunaye, PMS ga fetur, AGO ga gazuwal, DPK ga kananzir, kuma duk mai hulɗa da gidajen mai na can ya kamata ya haddace su kamar sunayen 'ya'yansa. A gefe ɗaya ɗan lakwal ya fi ɗan boko sa'a: «inflammable» da ke jikin tanka yana nufin mai saurin kama wuta a harsunan biyu, kuma shi ba ya ruɗuwa, alhali masu Ingilishi da yawa kan zaci «in» ɗin na korewa ne, har masana'antu suka koma rubuta «flammable».

Kusa da wannan akwai «drug». Jandarman da ya ga kalmar a jikin kwali zai iya zabura, domin «drogue» a Faransanci ƙwaya ce ta maye. A Ingilishi kalmar ta haɗa maganin asibiti da na maye duka, shi ya sa take cikin sunan NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da ingancin abinci da magani, take kuma cikin sunan NDLEA, wadda aka kafa a 1989 don yaƙi da miyagun ƙwayoyi. «Preservative» da ke jikin gwangwanin tumatir kuwa sinadarin hana ruɓewa ne; mai Faransanci ya kwantar da hankalinsa, ba abin da ya zata ba ne.

Ma'aikacin gwamnati shi ya fi kowa shiga haɗari, saboda dalilin da ya sa yake ganin ya fi kowa tsira. Yana buɗe wasiƙar Ingilishi ya ga rabin kalmomin 'yan gidansu ne, sai ya saki jiki, ya yi wa rogo kallon kitse. Tun 1066 ɗin nan kalmomin suka rabu, kowace ta yi aure a wani gari ta ɗauki halin mutanensa. Wasiƙa daga Katsina ko Dutse ta gayyace shi ya «attend» taro, wato ya halarta. Faransancinsa ya raɗa masa «attendre», ya zauna yana jira. Aka rubuta «delay», jinkiri, ya karanta «délai», wa'adi, ya ɗauka an ƙara masa lokaci alhali ƙorafi ake yi a kan makararsa. «Caution» a wurinsa kuɗin ajiya ne ko na beli, a wurinsu gargaɗi ne. «Resume duty» komawa bakin aiki ne, babu ruwansa da taƙaita rahoto. In kuma shi ne mai rubutawa, ya fassara «nous demandons» da «we demand», to roƙon da ya yi cikin ladabi ya isa can a matsayin umurni da tsawa, kuma amsar da za ta dawo za ta zo da irin muryar. Mafi sharri a cikinsu ita ce «eventually». A Ingilishi tana nufin daga ƙarshe, ko ba daɗe ko ba jima abin zai faru. «Éventuellement» kuwa na nufin wataƙila, in hali ya yi. A teburin shawara irin na Hukumar Haɗin Gwiwar Nijar da Nijeriya, wadda aka kafa a 1971 da mazauninta a Yamai, jumla ɗaya mai wannan kalma na iya zama alkawari a kofin wani ɓangare, ta zama in Allah ya so a kofin ɗayan. Doka na iya ba harshe kujera a ofis, amma tafintan da zai hana irin wannan sai an horar da shi an kuma biya shi.

Saura tagwayen da suka fi kowane kusa da gida. Ɗan Nijar a Ingilishi «Nigerien» ne, ɗan Nijeriya «Nigerian». Harafi ɗaya, «e» ko «a», shi ke ɗauke da ƙasa guda da fasfonta. Sunayen biyu daga kogi ɗaya suka fito, wanda Hausawa ke kira Kwara, kuma wata 'yar jarida Baturiyar Ingila, Flora Shaw, ita ta ba da shawarar sunan Nijeriya a 1897. Faransanci na raba su a baki ba wuya, amma yawancin masu Ingilishi a duniya ba su taɓa cin karo da ta farkon ba, na'urar kwamfuta ma sau da yawa takan ja mata jan layi ta miƙo ta biyun a matsayin gyara. Ɗalibi mai neman gurbin karatu a waje, ɗan kasuwa mai cike takardar biza ko ta aika kuɗi, in bai sake dubawa ba kafin ya aika, zai wayi gari an ba shi wata ƙasa. A wasannin Olimfik alamar NIG ta Nijar ce, Nijeriya NGR take. A intanet Nijar «ne» ce, Nijeriya «ng». Sannan a cikin Nijeriyar akwai jiha mai suna «Niger», hedikwatarta Minna, tun 1976.

Mutumin Yauri nasa ya ninka na kowa, domin akwai wata Yauri, tsohuwar masarauta a jihar Kebbi, wadda ke zaune a bakin kogin na Kwara, kuma ta fi tasa suna nesa ba kusa ba. Wanda ya rubuta wa kamfanin Legas ko na Dubai adireshi da cewa «Yauri, Niger» ya bar wa magatakarda zaɓi uku: ƙasa, ko jiha, ko kogi, biyu daga ciki kuwa suna kai kaya Nijeriya. Abin da ke fid da shi shi ne ya rubuta sunan yadda yake a takardun hukuma, Yaouri, ya bi shi da Kantché da Zinder, ya cika da «Republic of Niger», sannan ya sa lambar wayarsa da 227 a gabanta, domin ta Nijeriya 234 ce.